Attarugu da tattasai a tsakar gida: daga renon iri zuwa shanya

Duk gidan da ake ɗora tukunya sau biyu a rana yana zubar da abin da zai riƙe gindin attarugu goma: ruwan wankin shinkafa, tokar murhu, ɓawon kayan miya, da kashin awakin da ake sharewa daga turke kowace safiya. Abu biyu ne suka fi kashe shukar gida: dashe a lokacin da bai dace ba, da ban-ruwa na ganin dama, yau a cika bokiti, gobe da jibi a manta. Maganin na biyun shi ne a ɗaura aikin lambu a jikin aikin da dama ba a fashinsa, kamar wanke-wanken safe da sharar yamma.

A fara da lissafin wata

Attarugu, tattasai, shambo da ƙananan barkono duk dangi ɗaya ne, kuma halinsu ɗaya game da zafi. In rana ta haura digiri 35, dare kuma bai huce ba, fure yakan kaɗe kafin ya ƙulla ɗa. A Kano, Sakkwato ko Maraɗi kuwa watan Afrilu yakan taɓa digiri 40. Saboda haka a tsara yadda furen zai faɗo cikin sanyi: a zuba iri a Satumba, a yi dashe a ƙarshen Oktoba, a riƙa tsinka daga Janairu har Maris. Tattasan Diffa ta Nijar da ya yi suna, wanda ake nomawa da ban-ruwa a bakin kogin Komadugu, shi ma cikin sanyin rani ake kwasarsa. Zagaye na biyu shi ne na damina: reno a Mayu, dashe idan ruwa ya zauna. Wanda ya zuba iri a tsakiyar hunturu ya yi asara biyu, iri zai daɗe bai tsiro ba, furensa kuma ya faɗa tsakiyar bazara.

Iri da reno

A zaɓi ɗan da ya nuna ja sosai, mai ƙoshi, babu tabo. A tsaga, a kankare irin a kan faranti, a shanya a inuwa kwana 4 zuwa 5. Irin busasshen barkonon kasuwa ba abin dogaro ba ne, domin sau da yawa a kan kwalta ko kwanon rufi aka shanya shi, zafi ya riga ya kashe shi. Gwaji ba wuya: a jera ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a sa a leda, a duba bayan kwana 10 zuwa 14. In ƙasa da 6 suka tsaga, a nemi wani. Irin fakiti da aka rubuta wa F1, wato wanda aka samar ta hanyar haɗa iri biyu, yana yabanya, amma irin da aka ɗiba daga 'ya'yansa ba ya maimaita halin uwar.

Tsohon kwanon wanki da ya huje ya isa wurin reno. A cika shi da ƙasa mai laushi da aka tankaɗe, a ja layi da yatsa, zurfin santimita 1 kawai, a jera irin da tazarar yatsa biyu, a rufe. Binne iri da zurfi shi ne kuskuren farko da ake yi. A yayyafa ruwa da gwangwanin da aka huda da ƙusa, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa, a ɗauke ta ranar da tsiro ya leƙo. Tattasai yakan fito cikin kwana 7 zuwa 14. Attarugu mai nawa ne, yana iya kai mako 3, kada a yi saurin zubar da kwanon.

Idan aka ga tsiro yana kwanciya ɗaya bayan ɗaya, gindinsa ya motse ya yi siriri kamar zare, ruwa ya yi yawa kuma iska ba ta ratsawa. A rage ruwa, a tsinke masu cunkoso, a matsar da kwanon inda hantsi ke bugawa. A kuma ɗora shi a kan turmi ko bulo a rufe da tsohon gidan sauro, don kaza ɗaya ko ƙadangare na iya share kwano guda kafin a idar da sallar walaha.

Mazubi da ƙasa

Kowane gindi yana son mazubi mai cin lita 15 zuwa 20: robar fenti, jarkar da aka yanke wa kai, ko buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa zuwa rabi. Buhun siminti sai an wanke shi tas. A huda ƙasan robar wuri 6 zuwa 8 da ƙusa mai zafi, a ɗora ta a kan duwatsu don ruwa ya samu mafita. Baƙar roba tana ɗaukar zafi har ta dafa saiwa, a naɗe ta da buhu.

Haɗin ƙasa: kwano 2 na ƙasar gona, kwano 1 na ruɓaɓɓen taki, kwano 1 na yashi ko buntun shinkafa. In dama ƙasar jigawa ce, ba sai an ƙara yashi ba. Kada a ɗebo ƙasar da tumatir, gauta ko dankalin Turawa suka zauna bara, cututtukansu ɗaya da na barkono, kuma a cikin ƙasa suke kwana.

Wurin ajiya mafi kyau shi ne gabas da katanga, inda shuka za ta sha rana awa 6 daga safe, inuwa ta rufe ta bayan azahar. A bar taku ɗaya tsakaninta da bangon, don bulo yana amayar da zafi da dare.

Ana dashe idan tsiro ya yi mako 5 zuwa 6, ya kai tsawon tafin hannu, da ganye 5 ko 6. A jiƙa kwanon tun da rana, a cire da cokali tare da ƙasar saiwarsa, a dasa bayan la'asar, daidai zurfin da yake a da. Mai dasawa a ƙasa ya bar santimita 50 tsakanin gindi da gindi, 60 ga attarugu saboda yana buɗewa. A kafa masa ɗan kwali ko reshen darbejiya ya yi masa inuwa kwana 3. Furen da ya fito a mako biyun farko a tsinke shi. Da ciwo, amma gindin da ya ɗauki ɗa tun yana ƙarami tsugunewa yake yi.

Wane ruwa, wace toka, wace shara

A nan ne ya kamata uwargida ta fi sa ido, domin ba kowane ruwan da ya fito daga madafa ne shuka ke so ba. A ajiye bokiti guda kusa da wurin wanke-wanke, na lambu kaɗai. Abin da zai shiga cikinsa: ruwan wankin shinkafa, wake da kayan miya, ruwan alwala, da ɗaurayar ƙarshe ta kwanuka in ba kumfa. Abin da ba zai shiga ba: ruwan farko na wanki mai omo ko bilic, ruwan da aka tace daga taliya mai gishiri, ruwan kanwa, ruwa mai maiƙo, ruwan wankin nama, da na wankin ƙunzugun yara. Omo, gishiri da kanwa suna tara sinadarin sodiyam a ƙasa, a mazubi kuwa ba inda zai je. Alamarsa farin ɓawo a saman ƙasa da bakin ganye da ya ƙone kamar an kara masa wuta. In an ga haka, a kwarara ruwa mai tsabta har ya riƙa fita ta ƙasa, a maimaita washegari.

Ruwan bokitin kada ya kwana biyu, yana tsami yana tara sauro. A gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba. Cikin sanyi lita 1 zuwa 2 da safe ta ishi gindi guda, da bazara sai safe da yamma. Yatsa shi ne ma'auni: a tura shi gaɓa biyu, in da laima a bari. A shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa a saman ƙasa don rage ƙafewa, a bar tazara daga jikin karan, a riƙa ɗagawa ana duba gara.

Tokar itace tana da sinadarin da ke taimaka wa fure da 'ya'ya, amma kaifi gare ta. Rabin tafi a gindi sau ɗaya a wata ya wadatar. Tokar da aka hura wutarta da leda ko aka ƙona shara a ciki, a kai ta bola. Kada kuma a haɗa toka da yuriya ko ɗanyen kashin kaji lokaci guda, ƙarfin takin zai tashi a iska, shi ne warin da ke hawa hanci.

Sharar tsakar gida, ɓawon albasa, ganyen shayi, dakakken ɓawon ƙwai da kashin dabbobi, a tara su a rami mai zurfin gwiwa, a riƙa yayyafa ruwa, a juya duk mako 2. Ya nuna idan ya yi baƙi, ya daina zafi da wari, yana marmashewa a hannu, abin da kan ɗauki wata 2 zuwa 3. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa cikin 'yan kwanaki. Mai son ƙarawa da takin zamani ya sa NPK 15:15:15 cikin murfin kwalbar lemo guda, mako 2 bayan dashe, a binne shi nesa da kara da faɗin yatsa huɗu, a bi da ruwa, a maimaita idan fure ya fara. Yuriya da yawa ganye take sa wa shuka, kore shar, babu ɗa.

In abu ya ɓaci

Baƙin tabo a ƙasan ɗan tattasai, busasshe kamar fata, yana zuwa ne idan ƙasa na bushewa tana jiƙewa, sai sinadarin kalsiyam ya kasa isa ga ɗan. Feshi ba ya maganinsa, daidaita ban-ruwa ne. Farin tabo a gefen da ke kallon rana ƙunar rana ce, a ƙara inuwar yamma, a daina fige ganye.

Darɓa da farin ƙuda a bayan ganye suke ɓuya, a riƙa juya ganyen ana dubawa. Ganye mai danƙo da tururuwa na hawa da sauka alamarsu ce. A daka ƙwallon darbejiya da aka ɓare, kimanin giram 50, a jiƙa a lita 1 ta ruwa ya kwana, a tace da tsumma, a narka ɗan sabulun wanka kamar ƙwayar gyaɗa a ciki, a fesa da yamma har bayan ganye, duk kwana 7. Waɗannan ƙwari su ke yaɗa cutar da ke sa sabon ganye ya nannaɗe, ya yi dabbare-dabbare, shuka ta daina girma. Wannan ba ta warkewa. A tuge gindin a fitar da shi daga gidan, kada tausayin ɗaya ya ja wa tara. Gindin da ya yi yaushi farat ɗaya alhali ƙasarsa da laima, shi ma a tuge shi, a zubar da ƙasar, kada ta shiga ramin taki.

Tsinka da shanya

Tattasai yakan fara nuna wata 2 da rabi zuwa 3 bayan dashe, attarugu wata 3 zuwa 4. A yanka da almakashi tare da ɗan hancinsa, don reshen barkono ƙaras yake karyewa in aka fizga. Yawan tsinka yana sa sabon fure. Gindin attarugu yana iya shekara 2 ko fiye: idan ya gama zubi, a rage rassansa zuwa kamu ɗaya da rabi, a sauya ƙasar sama da sabon taki, a kai shi inuwa har bazara ta wuce. Mai son ajiye iri ya raba tattasai da barkono, don ƙudan zuma na haɗa su, tattasan baɗi ya fito da yaji.

Abin da ya fi ƙarfin miya a shanya a kan tabarma ko faifai, sama da ƙasa, tattasai a tsaga shi biyu. A shigar da shi ɗaki kafin raɓa. Ya bushe idan yana ƙara a hannu yana karyewa, sannan a zuba a kwalba mai murfi, wanda ya yi fumfuna kuwa a zubar. Hannun da ya sha attarugu ruwa ba ya kashe masa raɗaɗi, domin yajin a mai yake narkewa: a murza man gyaɗa, a wanke da sabulu, kafin a taɓa ido ko a ɗauki yaro.