Rasuwa ta faɗo ga sammacin juri a hannu: yadda na sa aka ɗage nawa

Inna ta rasu daren Alhamis a asibiti, bayan kwana 11 tana kwance. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi mata sutura. Sai ranar Asabar, ina laluben takardar inshora a cikin tarin wasiƙun da ke kan firji, na ci karo da ambulan ɗin kotu: Litinin da ƙarfe takwas da rabi na safe ana jirana aikin juri. Mako biyar takardar nan tana wurin, jinya ta mantar da ni ita. Falo cike da masu gaisuwa, ni kuwa ina tsaye a kicin ina karanta layin da ke maganar tara.

Ga wanda bai taɓa samun irin wannan takarda ba: a Amurka, juri mutanen gari ne da ake zaɓowa su saurari shari'a, su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba. Daga rajistar masu jefa ƙuri'a da ta lasisin tuƙi ake yawan ɗauko sunaye. Sai ɗan ƙasa mai shekara 18 zuwa sama ke zama. Idan katin zama kawai gare ka kuma takardar ta zo, ba jefarwa za ka yi ba, amsawa za ka yi ka ce kai ba ɗan ƙasa ba ne.

Fara duba saman takardar, kotun tarayya ce ko ta jiha, domin kowacce da ƙa'idarta. Kotunan gunduma na tarayya 94 ne, kuma dokar zaɓen juri ta 1968 ce ke tafiyar da harkar juri a cikinsu. Dokar ta yarda a ɗaga wa mutum ƙafa idan zuwan zai jefa shi cikin matsi mai tsanani, har ta ambaci rashin lafiya mai tsanani a cikin iyali da sauran larurorin gaggawa. Ita ce kuma ta ce wanda ya ƙi zuwa ba dalili ana iya cin sa tarar da ta kai dala 1,000, ko a tsare shi har kwana 3, ko a sa shi aikin al'umma. Wanda ya yi gum shi wannan hukuncin ke hari, ba wanda ya kira ya faɗi uzurinsa ba.

Abu biyu ake iya roƙa, kuma nan ne mutane ke kuskure. Akwai yafewa, wato a cire ka daga wannan kiran ɗungurungum. Akwai ɗagewa, wato a sa maka wata rana. Zuciyar mai makoki yafewa take so, ni ma ita na so. Amma yafewa takan buƙaci a auna hujjarka, wani lokaci sai ta kai gaban alƙali, kuma ana iya cewa a'a. Ɗagewar farko kuwa a wurare da yawa ofishin juri ne ke bayarwa ba dogon bincike. A jihar New York, alal misali, kana iya ɗagewa sau ɗaya har zuwa wata shida ta waya ko ta intanet, sai dai suna so ka nema tun da sauran mako guda. Shawarata: roƙi ɗagewa. Ka bar yafewa ga wanda rasuwar ta juya masa rayuwa baki ɗaya, kamar wanda marayu ƙanana suka dawo hannunsa ba mai taya shi reno.

Ni tawa ta zo a ƙurarren lokaci, ofis a rufe, shafin intanet ɗin kuma ya ƙi karɓar roƙon saboda ranar ta matso. Sai na bi ta ko'ina. Na bar saƙon murya a lambar da ke jikin sammacin, na aika imel a daren Asabar ɗin, ranar Lahadi da yamma na saurari saƙon da suke naɗa wa waɗanda aka kira washegari, ko Allah zai sa a ce ba a buƙatar rukuninmu. Ana buƙata. Litinin ana buɗe ofis na buga. Matar da ta ɗauka ta yi mini ta'aziyya, ta tambayi lambata ta juri, ta ce in zauna a gida. Ko minti huɗu ba mu yi ba. Na rubuta sunanta da lokacin kiran a bayan ambulan, na kuma roƙe ta ta aiko mini da tabbaci a rubuce. Kada ka tsallake wannan. Maganar baka a waya ba ta da shaida ranar da kwamfuta ta nuna ba ka zo ba. Idan kotun ta tarayya ce, yawancinsu suna da shafin eJuror, nan ake shigar da roƙon.

Wasiƙar roƙon da Turanci za ka rubuta ta, kuma layi biyar sun wadatar: sunanka kamar yadda yake a sammacin, lambar juri, ranar da aka kira ka, wanda ya rasu da ranar rasuwar da dangantakarku, sai watan da za ka iya zuwa. Ba sai ka ba da tarihin jinya ba. Dangantakar nan fa ka fayyace ta, domin mu sunan ƙarshe ba ya bin gida kamar na Amurkawa. Sunan Inna na ƙarshe na mahaifinta ne, nawa na mahaifina, wanda ke duba takarda ba zai gane uwa da ɗa ba ne sai an faɗa masa.

Batun shaida, kada ka tsaya jiran takardar shaidar mutuwa. Tamu sai da ta kusa mako uku kafin ta fito. Kamfanin da ya shirya jana'izar yana iya ba ka wasiƙa a ranar da ka nema, sun saba. Wasiƙar liman ma tana taimakawa, haka tikitin jirgi idan tafiya ta kama ka. Kwafi za ka aika, ka riƙe ta asali.

Wajen zaɓen sabuwar rana kada ka yi kunya. Na so in ce mako biyu, don kada a ga kamar gudu nake, yayata ta ce, "Kai, ka san abin da ke gabanka kuwa?" Gaskiyarta. Ga banki, ga mai gidan haya, ga kayan Inna da za a raba, ga kai da ba ya riƙe magana. Wanda zai yanke hukunci a kan rayuwar wani ba ya zuwa da rabin hankali. Na nemi wata uku. Matar da ke takaba kuwa ta lissafa wata huɗu da kwana goma, ta ƙara 'yan makonni a kai, ta faɗa musu kai tsaye cewa zaman addini ne.

Idan kuwa an riga an rantsar da kai, shari'a tana tafiya sannan rasuwar ta faɗo, ofishin juri ba shi da ikon sallamarka, sai alƙali. Sanar da jami'in ɗakin shari'ar nan take. Galibi akan zaɓi 'yan ko-ta-kwana tun farko saboda irin haka.

Wani abu da ya kamata mai makoki ya sani: akwai 'yan damfara masu bugo waya su ce ka tsallake juri, an ba da umarnin kama ka, sai ka biya yanzu da katin kyauta. Kotu ba ta karɓar tara ta waya. Kashe kiran, ka buga lambar da ke jikin sammacinka.

Tabbacin ya iso ta imel ranar Laraba. Sabon sammacin kuma da ya zo, a ƙofar firji na manna shi, ba a samansa ba. Na je, na wuni a zauren jira da littafina, ƙarfe uku aka sallame mu ba a ko kira sunana ba.