Ɗanyen nama ko kuroket? Kurakuran da masu kiwon mussa ke ta yi a Maradi

Mussar da ke yawo cikin unguwa tana kama ɓera da ƙadangare da fara ba ta cika samun matsalar abinci ba, ko da sauran tuwo kawai ake zuba mata, don ɓera guda yana da nama da ƙashi da hanta da zuciya da ruwa duk a haɗe. Matsala tana farawa ne ranar da anka kulle ta cikin gida, musamman masu gashin nan da matasa ke saye yanzu, daga nan duk abin da ba ka sa mata a kwano ba to ba ta same shi ba. Sai gardama ta tashi, wasu su ce ɗanyen nama ne abincinta na asali, wasu su ce a'a kuroket na kanti, wato busasshen abincin nan na kamfani mai ƙwaya-ƙwaya, ya fi tunda likitoci sunka haɗa shi. Ni dai a ganina kowane ɓangare yana da inda yake cutar da dabbar bai sani ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tuwo da miya. Mussa ba kare ba ce, jikinta nama yake so, kuma akwai wani sinadari da ake ce ma torin wanda jikinta ba ya iya yin isasshe sai ta samu a nama, babu shi a gero babu shi a shinkafa. In ta rasa shi ido ke mutuwa a hankali, zuciya ta kumbura ta saki. A 1987 ne wani likitan dabbobi Paul Pion a jami'ar Kalifoniya da ke Dabis ya nuna cewa ciwon zuciyar da ke kashe mussoshi a Amurka rashin torin ne, kuma abincin kamfani suke ci fa, bayan nan ne kamfanoni sunka ƙara shi. Miyar ma da kanta matsala ce, albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jininta, dafaffe ko ɗanye duk ɗaya, ga gishiri ga magi. In za ka ba ta daga tukunyar gida ka cire mata nata naman tun kafin a sa kayan miya. Ragowar tsire da kilishi kuma ka cinye abinka.

To masu ɗanyen nama. Mutum ya je wajen mahauci ya sawo tsoka zalla yana ganin ya gama mata gata, alhali tsoka fosfor ne da yawa kalsiyom kusan babu, sai jiki ya koma yana zarar kalsiyom daga ƙashinta, shi ya sa za ka ga ɗan mussa da anka raina da tsoka kaɗai yana ɗingishi, ƙafa ta lanƙwashe, ya diro daga kan kujera ƙashi ya karye. Gyaran ba tsada, ɓawon ƙwai ne, a tafasa a shanya a daka ya yi laushi sosai, kamar rabin ƙaramin cokali a rabin kilo na nama. A haɗa da zuciya da ƙundun kaza don torin. Hanta kuma kaɗan, kamar kashi 5 cikin 100 na abincin, don wasu sun mai da hanta abincin kullum tunda mussa na haukan sonta, bare lokacin layya, kuma bitamin A ɗin da ke cikinta in ya taru ƙashin wuya ne ke sanƙarewa har ta kasa juyawa ta lashi jikinta. Ɗanyen kifi ma haka, ko daga tafkin Madarunfa anka kawo shi da safen nan ka dafa, akwai kifayen da ke ɗauke da abin da ke lalata bitamin B1 kuma wuta na kashe shi.

Amma babban abin da nake ja da masu ɗanye a kai shi ne zafin garin nan. Turawan da ke yaɗa wanga tsari a YouTube suna da firigo da kuran ba ya yankewa, mu kuwa watan Afirilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, naman ya wuni a kan tebur ƙuda na bi, ka kawo ka sa a kwano ta ci rabi ta bar rabi har la'asar. Ƙwayar cutar salmonela ba ta mutuwa don an daskarar da nama, kuma ko mussar ba ta nuna komai ba yaran da ke rarrafe kusa da kwanon fa? Ga ƙwayar cutar toksoplasma da take ɗauka a ɗanyen nama ta fitar a kashinta, wanda ke da haɗari ga mai juna biyu. Sai kazar da ta mutu da kanta a jefa ma mussa wai kar a yi asara, dan Allah a bari. Murar tsuntsaye ta shigo Nijar tun 2006 ta Magariya, ta kashe mussoshi a Polan a 2023, kuma a Disambar 2024 wata mussa ta mutu a jihar Oregon ta Amurka bayan ta ci ɗanyen naman talotalo na kamfani, daskararre cikin leda mai kyau. Ka dafa naman sama-sama har cikinsa ya canza launi, ka ba ta da romon don torin na sauka cikin ruwan dahuwa. Dafaffen ƙashin kaza ne kawai ban da shi, tsagewa yake yi ya soki hanji.

Su kuma masu kuroket kuskurensu yarda da hoton jikin buhu. A ƙa'idar Turai in an rubuta da kaza, kashi 4 cikin 100 na kaza ya isa, sauran hatsi ne da abin da sunka kira nama da tarkacen dabbobi ba tare da faɗin wace dabba ba, don haka wanda ke ƙyamar alade ya shigo mai gida sai ya nemi wanda anka ambaci dabbar da sunanta. Sunayen ma da yawa gida ɗaya ne, Whiskas da Sheba da Royal Canin duk na kamfanin Mars ne, Friskies da Felix na Nestlé. Kuma an sha kama masana'antar da abin kunya, a Maris 2007 kamfanin Menu Foods na Kanada ya janye gwangwani da leda sama da miliyan 60 saboda garin alkamar da anka sawo daga Sin an zuba mai melamin, sinadarin da ake yin roba da shi, don awo ya nuna furotin da yawa, ƙodar karnuka da mussoshi ta dinga lalacewa, shekara guda bayan nan melamin ɗin ya fito a madarar jarirai a Sin. Daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 kuma aflatoksin a abincin Sportmix ya kashe karnuka sama da 100 a Amurka, gubar nan dai da manoman gujiya sunka sani in damshi ya kama ta a ajiya.

Shi ya sa ban son kuroket ɗin da ake farke buhu ana aunawa a ƙulla a leda, ba ka ga kwanan wata ba, ba ka san tun yaushe yake shan rana ba, man da ke jiki ya yi ɗoyi, in damina ce ga fumfuna. Sayi ƙaramin buhu rufaffe, ka duba an rubuta aliment complet (cikakken abinci) da taurine (torin ɗin nan) a jiki, in complémentaire ka gani to na marmari ne ba abinci ba. Na karnuka kuma ko ya fi araha ba nata ba ne.

Sai ruwa. Kuroket ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 ba, ɓera kuwa kusan 70, kuma mussa asalinta daga kyanwar daji ta ƙasashen nan masu fari take, ƙishi ba ya damunta da wuri, ba za ta sha abin da zai cike giɓin ba sai ka taimaka. Ajiye kwanon ruwa biyu ko uku nesa da abinci ka canza safe da yamma, ka dinga jiƙa kuroket ɗin ko ka haɗa da dafaffen nama da romo, wanda anka jiƙa kuma kar ya wuni. Madara ba ruwa ba ce, yawancin manyan mussoshi zawo take sa su.

In za ka canza mata abinci ka yi a hankali cikin mako guda kana haɗa sabo da tsoho, kar ka ce bari yunwa ta koya mata hankali, mussa mai ƙiba in ta yi kwanaki ba ta ci ba kitse ne ke rufe hantarta. Muzuru kuma in ka ga yana ta tsugunno yana kuka fitsari ba ya fita, ranar za ka kai shi wajen likitan dabbobi ba gobe ba, kuma kar wani ya ce ka ba shi parasitamol kafin nan, ƙwaya ɗaya tana iya kashe shi.