Yadda za ka hana maɓallin komawa baya share aikin mutum

Mutum ya cike rabin fom a shafin intanet ɗinka, ya danna maɓallin komawa baya na burauza, da ya dawo sai ya tarar wayam. Ga maganin haka da JavaScript, harshen da ake sarrafa shafukan intanet da shi.

Da farko, duk abin da ya kamata ya dawo, kamar kalmar bincike ko lambar shafi, ka sa shi cikin adireshin shafin ta hanyar history.pushState, umarnin da ke ƙara sabon mataki a tarihin burauza. Idan ƙaramin sauyi ne, replaceState ya fi, domin shi matakin da ake kai yake sauyawa, ba ya ƙara sabo. In ba haka ba, tarihi zai cika maƙil, mutum ya yi ta danna baya har sau goma bai fita ba.

Sai ka saurari popstate, wato sanarwar sauyin mataki a tarihi. Burauza na tayar da shi duk lokacin da aka koma baya ko aka yi gaba tsakanin waɗannan matakan, kai kuma ka karanta event.state, wato bayanan da ka ajiye tare da matakin, ka sake zana shafin. Lura, pushState ba ya tayar da popstate; nan ne yawancin masu koyo ke tuntuɓe.

Rubutun fom kuwa, sessionStorage, ma'ajiyar wucin gadi ta burauza, ya wadatar, tunda yana riƙe shi har sai an rufe tab ɗin, sannan ya goge. Kalmar sirri dai kada ta shiga can.

Daga ƙarshe, duba event.persisted a pageshow, sanarwar da burauza ke tayarwa idan ta nuna shafi. In ya nuna true, burauza ce ta dawo da tsohon shafi daga ajiyarta, sai ka sabunta bayanan.