Aikin yanar ido: yadda za ka kula da idonka kafin a yi da bayan an yi

Shi aikin yanar ido fa bai da tsawo, yawanci minti 20 zuwa 30 an gama, kana farke ma, idon kawai ake kashewa da magani kuma ranar za ka koma gida. Abin da ke damuna shi ne mutane sun ɗauka da likita ya cire yanar shikenan magana ta ƙare, alhali rabin nasarar tana wajen awon da aka yi kafin aiki da kuma kulawar makonnin da ke biye.

Fara da zuwa wajen ma'aikacin gwajin ido ya duba ka sosai, ba karanta haruffan jikin bango kaɗai ba. A auna ƙarfin ruwan ido saboda gilakoma, wato ciwon da ke lalata jijiyar gani, a ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido a leƙa bayan idon. Dalili kuwa, in akwai lalacewar jijiya ko ciwon suga ya taɓa bayan ido, ko an cire yanar, ganin ba zai dawo garau ba, gara a faɗa maka tun yanzu da ka sa rai daga baya ranka ya ɓaci. Ranar wannan gwajin ka tafi da wanda zai raka ka gida don za ka yi awanni kana gani dishi-dishi. Kuma maganar wai sai yanar ta nuna tukuna a cire, tsohon zance ne, da zarar ta fara hana ka karatu ko tuƙi ko gane fuskar mutane toh lokaci ya yi.

Sai awon ido, nan ne nake so ku natsu. Yanar ido ba wata fata ba ce da ta rufe ido daga waje, madubin da ke cikin idon ne ya yi hazo, shi ake cirewa a sa na roba a madadinsa, irin wanda Harold Ridley ya fara sa wa mutum a Landan a 1949. Wannan na robar kowa da ƙarfin nasa, ana auna tsawon ido da lanƙwasar gabansa a yi lissafi, kuma in an saka ya zauna kenan har abada, to kuskure kaɗan a awo sai ka ƙare da tabarau mai kauri. In kana sa gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido, ka tambaya kwana nawa za ka ajiye shi kafin awon saboda yana canza siffar idon. Ka kuma tambaya wane gani za a saita maka, yawanci na nesa ake yi, ka ga za ka buƙaci tabarau na karatu.

Ka kwaso duk magungunan da kake sha ka nuna. Musamman maza masu shan tamsulosin don matsalar fitsari, dan Allah ku faɗa, yana sa zoben nan mai launi na ƙwayar ido ya yi sako-sako lokacin aiki, ko da ka daɗe da dainawa. Maganin tsinka jini kuma kar ka tsayar da kanka sai likita ya ce. Suga da hawan jini a daidaita su.

Bayan aiki, kwanakin farko za ka ji kamar yashi a ido, hawaye, haske na damunka, duk wannan ba komai. Kar ka murza, ko ƙaiƙayi ya kai ina. Ka kwana da murfin da aka ba ka kamar mako guda. Maganin ɗigawa kuwa shi ne aikinka yanzu, ka wanke hannu, ka ja fatar ƙasan ido, ɗigo ɗaya, bakin kwalbar kar ya taɓa ido, in iri biyu ne ka bar minti 5 tsakaninsu. Na kumburi ana kai wajen mako 4 ana rage shi a hankali, kuma gaskiya nan mutane ke sakaci, da sun ga ido ya washe sai su jefar da kwalba, ko kuma su ci gaba da saye suna ɗigawa wata da watanni alhali yana iya ɗaga ƙarfin ruwan ido. Ruwan sabulu, ƙura, hayaƙi, kwalliyar ido, ɗaukar kaya mai nauyi, duk a dakata, iyo kuma sai bayan mako 4 zuwa 6.

Amma in ciwo na ƙaruwa, ko ja na ƙaruwa, ko ganin da ya fara gyaruwa ya koma baya, ko kana ganin walƙiya da baƙaƙen ɗige-ɗige masu yawo, ko kamar labule ya sauko ta gefe, kar ka jira ranar da aka rubuta maka, ka koma asibiti a ranar ko dare ne, ƙwayar cuta a cikin ido kwana ɗaya ma ɓarna take yi.

Sabon tabarau kar ka yi gaggawa, ka bari mako 4 zuwa 6 ido ya zauna sannan a auna. Kuma in bayan watanni ko shekaru ka ga hazo ya dawo, ba yanar ce ta sake tsirowa ba, jakar da ke riƙe da madubin robar ce ta yi duhu, da hasken leza ake buɗe ta cikin 'yan mintuna kana zaune a kujera, ba yanka ba ɗinki.