Kurakuran da ke lalata injin dizal na motocin alfarma masu cin dogon zango

Mota irin BMW 840d ko Porsche Panamera 4S Diesel don abu ɗaya aka ƙera ta: ta ɗauki mutum da jakarsa, ta cinye kilomita ɗari bakwai a zama ɗaya, ya sauka ba ciwon baya, tanki kuma da saura. Panamera ɗin da ta fito a 2016 tana da silinda 8, ƙarfin doki 422, tana taɓa kilomita 285 a awa. Ita kuwa 840d ta 2018, silinda 6 ce a jere, lita 3.0, doki 320. Duk da haka, a ganina ba gudu ne ya fi kashe waɗannan injina ba. Lallaɓawa ce.

Babban kuskure shi ne a mayar da motar ta zuwa ofis da dawowa, tafiyar minti goma cikin cunkoso. A cikin salansar motar akwai matatar hayaƙi da ake kira DPF, mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, tana tare kunkunniyar da injin ke fitarwa. Kafin wannan kunkunniya ta ƙone sai zafi ya kai wajen digiri 600. A babbar hanya wani ɓangare nata kan ƙone da kansa. A cikin gari kuwa sai kwamfutar motar ta riƙa ƙara feshin dizal don ta hura wutar, aikin kuma yana cin minti goma zuwa ashirin. Mai mota bai san ana yi ba. Ya iso gida, ya kashe, ya fito ya ji fankar lagireto tana ta ruri, ga wani ƙauri kamar an ƙona roba. Sai ya ɗauka wani abu ne ya lalace, alhali shi ne ya katse wa motar aiki a tsakiya.

In aka maimaita haka, dizal ɗin da bai ƙone ba yana silalewa ta gefen fistin ya gangara cikin baƙin mai. Za ka ji mutum yana alfahari wai motarsa ba ta shan baƙin mai, kullum geji a cike, har ma ƙaruwa yake yi. Baƙin mai ba ya haihuwa. Dizal ne ya tsinka shi, tsinkakken mai kuma ba ya kare ƙarfe daga gogar ɗan'uwansa. Shi ya sa bakaniken da ya san aikinsa, kafin ya taɓa sifana, tambayar da zai fara yi ita ce: "Ranka ya daɗe, yaushe rabonka da doguwar tafiya?"

Gyaran ba ya cin komai sai mai. Duk mako ɗaya ko biyu a hau babbar hanya a yi rabin awa ko fiye ba tsayawa, allurar juyin inji tana wajen 2,000. A tabbatar tanki ya wuce kwata, don motoci da yawa ba sa fara ƙona kunkunniya idan fitilar ƙarancin mai ta kama. In ka lura juyin inji ya ɗan ɗaga a tsaye, ko motar ta daina kashe kanta a danja kamar yadda ta saba, to tana cikin aikin ne, ƙara mata 'yan mintuna kafin ka ajiye. Idan fitilar gargaɗi ta ƙi mutuwa bayan doguwar tafiya, ko motar ta rage ƙarfi da kanta, sai gareji mai kwamfuta.

A nan ne wasu ke tafka kuskure na biyu. Matata ta toshe, sai a ce a fasa salansa a ƙwaƙule ta a huta. Gudun gara ne, faɗa gidan zago. Hayaƙin da ake tarewa yanzu zai tafi huhun mutane, kwamfuta sai an yi mata ƙarya kafin ta yi shiru, kuma abin da ya jawo toshewar tun farko, ko nozul mai yoyo ne ko bawul ɗin EGR (mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji) da ya maƙale, yana nan yana ɓarnarsa. A Birtaniya tun Fabrairun 2014 motar da aka cire wa wannan matata ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Ana iya cire matatar a wanke ta da na'ura a mayar, sannan a nemo tushen ciwon.

Sai baƙin mai. Kunkunniya tana ƙonewa, toka ba ta ƙonewa, kuma tokar daga sinadaran baƙin mai take fitowa. Man da ya yi wa babbar motar kaya daidai zai iya cika matatar nan da tokar da babu tafiyar da za ta fitar da ita. Kada a tsaya ga kaurin mai kaɗai, a duba lambar amincewa a jikin galan: Longlife-04 ga BMW, 507 00 ga yawancin Audi, 229.51 ko 229.52 ga Mercedes. Littafin motar shi ne alƙali. Tazarar juye da ke kaiwa kilomita 30,000 kuma ta mai doguwar tafiya ce. Wanda ke yawo cikin gari ya raba ta biyu, ba zai yi nadama ba.

Akwai ɗabi'u biyu da aka gada daga tsohon dizal. Ta farko, a tayar da mota da safe a bar ta minti goma sha biyar wai tana ɗumama. Dizal na zamani ba ya samun zafin kirki a tsaye, kunkunniya kawai yake tarawa. Tayar, ɗaura bel, ka kama hanya a hankali, kada ka danne totur sai inji ya yi zafi. Ta biyun ta fi tsada: a taho a guje na awa biyu, a karya kwana gidan mai, a kashe nan take. Turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska, yana juyi fiye da sau 150,000 a minti, baƙin mai ne ke sanyaya sandarsa. Da ka kashe mai ya tsaya, ragowar ya dahu a wurin ya zama gawayi. Rage gudu a kilomitocin ƙarshe, ko ka bar injin minti ɗaya zuwa biyu.

Maganar dizal ɗin kansa tana buƙatar natsuwa. Tayar mota tana ɗaukar iska kamar bar 2.5. Famfon man waɗannan injina yana matsa dizal zuwa bar 2,000, wasu har 2,500, kuma santsin dizal ɗin ne kaɗai ke hana ƙarafan famfon cin juna. Ruwa ko datti kaɗan ya isa ya illata shi. Ƙa'idar Turai ta EN 590 ta ƙayyade farar wuta a kashi 10 cikin miliyan, da irin wannan man aka tsara injinan, mai yawan farar wuta kuwa yana dafe na'urorin tace hayaƙi. A canza filtar dizal kan lokaci, kuma a daina jan tanki har ya bushe. In tsautsayi ya sa aka zuba fetur, kada a tayar, kada ma a danna maɓallin. Fetur yana wanke santsin, famfo ya fara niƙa kansa, garin ƙarfe ya bazu har nozul da tanki. Motar da ba a tayar ba zuƙe tanki kawai take buƙata. Wadda aka yi tafiya da ita, sau da yawa sai an sauya layin man gaba ɗaya.

AdBlue kuma ba ado ba ne. Yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari a tataccen ruwa, ana fesa ta cikin salansa don ta karya gubar hayaƙi. Gargaɗi kan fara tun saura kilomita wajen 2,400, in ya ƙare ka kashe mota ba za ta sake tashi ba. Ba a tsinka shi da ruwan famfo, ba a ajiye galan a rana, ba a zuba shi a tankin dizal.

Masu son a taɓa kwamfuta a ƙara doki hamsin, su tuna giyabos ma yana da iyakarsa. Lambar da ke jikin sunan giyabos ɗin ZF 8HP70 tana nufin ƙarfin murɗa Nm 700 ne, ba a banza aka sa ta ba.

Tun da Porsche ta daina dizal a 2018, wasu kamfanonin ma suka janye, yawancin waɗannan motoci a hannu na biyu ake samunsu, kuma mai saye yakan ruɗu da ƙarancin kilomita. Motar da ta shekara bakwai ta yi 40,000 a cikin gari tana iya fin wadda ta yi 150,000 a babbar hanya ciwo. Kafin a biya, a jona kwamfuta a karanta yawan tokar da ke cikin matata, da tazarar da motar ke yi tsakanin ƙonawa da ƙonawa. A buɗe murfin baƙin mai a shinshina, in warin dizal ya bugi hanci a nemi bayani. Sannan a zura yatsa a bakin salansa bayan ta huce: in matatar tana nan lafiya, yatsan zai fito kusan fes.