Esi na ɗaukewa da kansa: abin da za a duba kafin a ce gas ne

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Zariya ke kusantar digiri 40 da tsakar rana, esi (na'urar sanyaya ɗaki) ya fi nuna wannan hali: ya yi sanyi na minti goma, ya ɗauke, can ya dawo, ya sake ɗaukewa. Maganar farko da ake yi ita ce gas ya ƙare. Sau da yawa ba shi ba ne, kuma ƙara gas a injin da bai buƙata ba ƙara wa kwamfuresa (injin da ke matsa gas ɗin a cikin injin waje) nauyi ne. Kafin ka kira mai gyara, zauna da agogo ka lura da abu biyu: me ke ɗaukewa, kuma bayan minti nawa.

Idan ɓangaren esin da ke cikin ɗaki ne ya mutu gaba ɗaya, fitilarsa ta ɗauke, murfin iska ya tsaya inda yake, wuta ce ke yankewa a hanya. Idan murfin ya rufe a hankali kamar an kashe da hannu, duba rimot, wataƙila an danna taima ko yanayin barci. Idan kuwa fankar ciki na ci gaba da hurawa amma iskar ta koma ɗumi, injin waje ne ya tsaya, kuma a nan yawancin matsalar take. Sai dai a sani: esin da ba inbata ba, wato wanda kwamfuresansa ba ya iya rage gudu, yana tsayar da kwamfuresa idan ɗaki ya kai sanyin da aka sa masa, sannan duk lokacin da ya tsaya sai ya jira kamar minti uku kafin ya tashi. Wannan ba ciwo ba ne, haka aka ƙera shi.

Wutar da ba ta cika ba

A nan za a fara. Esi an yi shi ne don bolt 220 zuwa 240. A unguwannin da gidaje suka yi wa tiransifoma yawa, da magariba kowa ya kunna kayansa, wutar Kaduna Electric kan sauko ƙasa sosai. Idan ta gaza 190, kwamfuresa na jan wuta fiye da ƙima don ya juya, sai ya yi zafi. A jikinsa akwai wata 'yar kariya da ke yanke masa wuta idan zafi ya yi yawa, ba ta maida shi sai ya huce. Shi ya sa za ka ji gurnani na 'yan daƙiƙu, sai "ƙas", sai shiru.

Auna da maltimita, mitar auna wuta, a makunnin esin, amma kada ka tsaya ga awon da ka samu yana kashe. Bar mitar a wurin har kwamfuresa ya yunƙura. Idan tana nuna 210, ya tashi ta faɗo 170, to ko dai wutar layin ba ta da ƙarfi, ko wayar gidan ta yi siriri. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi na son waya mai kaurin 2.5mm², mai doki biyu 4mm², a jawo ta kai tsaye daga akwatin bireka, da makunni mai amfiya 20. Soket na wayar jona-jona ba wurinsa ba ne. Kashe bireka, buɗe makunnin ka duba: baƙi-baƙi a bakin waya, warin roba, ko sukurun da ya saki. Waya mai kwance tana zafi, ta saki, ta huce, ta sake kamawa, daidai irin ɗaukewar da ake kuka da ita. A duba cenja-oba ma, wato makunnin da ke sauya wuta tsakanin layi da janareta, ana yawan mantawa da shi.

Sitabilaiza na taimakawa, amma ƙarami ɓata kuɗi ne, domin ƙarfin da aka rubuta a jikinsa yana raguwa idan wutar da ke shigarsa ta yi ƙasa. Ga doki ɗaya da rabi, sitabilaiza mai 5000VA ya fi kwanciyar hankali, kuma a karanta mafi ƙarancin wutar da yake karɓa. A kan janareta kuwa, ka tuna cewa a lokacin tashi kwamfuresan esin da ba inbata ba na jan ninki huɗu zuwa shida na abin da yake ci yana tafiya. Idan janareta ya yi nishi fitilu suka dushe, ya yi masa kaɗan.

Ƙurar hunturu

Wuta ta cika amma yana ɗaukewa bayan minti goma sha biyar ko ashirin, musamman tsakanin azahar da la'asar, da dare kuma lafiya lau? Zagaya wurin injin waje. Ƙurar da iska ta kwaso tun Nuwamba tana nan maƙale a tsakanin siraran ƙarafan bayansa. Haska tocila ta baya, idan haske bai ratsa ba, iska ma ba ta ratsawa. Kashe wuta daga bireka, ka wanke da tiyo mai ruwa marar ƙarfi, daga sama zuwa ƙasa, ba tare da jiƙa akwatin wayoyi ba. Kada a sa buroshin ƙarfe, yana lanƙwasa su.

Duba mazauninsa. A bar masa aƙalla santimita 30 tsakaninsa da bango, gabansa kuma fili. Kejin ƙarfe da ake yi saboda ɓarayi ba laifi, amma wanda aka lulluɓe da kwano yana maida masa iskar zafin da ya fitar. Wanda ke fuskantar yamma a yi masa rumfa daga sama can, a bar gefuna a buɗe.

Fankarsa ma ka kalle ta. Idan tana juyi a kasalance, ko sai an tura ta da tsinke take tashi, ƙaramar kafasitarta, wato 'yar na'urar da ke taimaka mata tashi da juyi, ta mutu. Babbar kafasita ta kwamfuresa, wadda a doki ɗaya da rabi kan kasance mikrofarad 30 zuwa 45, zafi da hawa-da-saukar wuta ne ke cinye ta. Alamarta kumburi a kai ko mai na tsatsafowa, amma takan raunana ba tare da ta nuna komai ba, sai an auna. A sa mai lamba daidai da tsohuwar. Wannan aikin mai gyara ne, domin kafasita na riƙe wuta ko bayan an kashe bireka.

Cikin ɗaki

Ɗaga murfi ka zaro ragar tace ƙura. A wanke ta duk mako biyu, a bar ta ta bushe a inuwa. Idan ta toshe, ƙanƙara na taruwa a ƙarafan ciki, na'urar ta tsayar da kwamfuresa har ta narke, ruwa ya riƙa ɗiga a bango. A gaban ƙarafan akwai 'yar waya mai baƙin kai, ita ce sensa mai jin zafin ɗaki. Idan ta zame daga mariƙinta ta taɓa ƙarfe mai sanyi, sai ta ɗauka ɗaki ya yi sanyi, ta kashe kwamfuresa bayan minti biyu ko uku. Maida ta wurinta kawai. Idan fuskar esin na nuna wata lamba ko fitila na ƙyaftawa, rubuta ta, ma'anarta na cikin littafin kamfanin, kuma kowane kamfani da nasa. A masu inbata, tsaka kan shige fanel na injin waje ta haɗa wuta.

Sai a zo kan gas

Esi ba ya shan gas kamar yadda mota ke shan fetur. Idan ya ragu, yoyo yake yi. Alamunsa: siririn bututun injin waje ya yi farar ƙanƙara, babban bututun ba ya sanyi ba ya gumi, da danshin mai a wurin noti. Da raga mai tsabta, iskar da ke fita ya kamata ta fi wadda ke shiga sanyi da digiri 8 zuwa 12. Ƙasa da haka, a sa geji a auna matsin gas ɗin.

Ka tsaya a kan mai gyara ya nemo yoyon da ruwan kumfa, ya gyara bakin bututun, ya zuƙe iska da injin bakyum, sannan ya zuba gas da sikeli gwargwadon giram ɗin da ke rubuce a jikin injin waje. A nan ne kuma aka rubuta nau'insa, R22 ne, R410A ko R32, kuma ba a gauraya su. Idan ya ce zai cire kariyar kwamfuresa ya haɗa kai tsaye don ya daina ɗaukewa, kada ka yarda. Ita ce ke hana shi ƙonewa, kuma kuɗin sabon kwamfuresa ya ninka na kafasita sau da yawa.