Yadda Ake Shirya wa Zagayen Ƙarshe na Gasar Matasa Masu Sana'ar Fasaha

Matashin da aka sanar da shi cewa ya kai zagayen ƙarshe a gasar masu sana'ar fasaha, ko mai zanen tufafi ne, ko mai shirya fim, ko mawallafi, ko mai ƙera wasannin kwamfuta, ya kamata ya fara da gane cewa tambayar da ake yi masa ta sauya. A zagayen farko masu tantancewa sun duba ko aikinsa yana da kyau, kuma sun gamsu, don da ba su gamsu ba da ba su kira shi ba. Duk wanda zai tsaya tare da shi ranar ƙarshe gwani ne a nasa fannin. Abin da ya rage wa alƙalai su gano shi ne ko wannan gwaninta ta zama sana'a mai tsayawa da ƙafarta, wadda ke da masu saye, take biyan ma'aikata, kuma ba za ta durƙushe ba idan mai ita ya kwanta jinya na wata biyu. Da yawa daga cikin masu fasaha suna ƙarar da lokacinsu a gaban alƙalai wajen yabon aikin da alƙalan suka riga suka yaba, su bar abin da aka kira su dominsa.

Saboda haka, kafin ka taɓa kwamfuta don tsara jawabinka, ka koma ga takardar ƙa'idojin gasar ka karanta ta daga farko har ƙarshe, musamman wurin da aka bayyana yadda ake raba maki. Gasanni ba iri ɗaya ba ne. Shirin da British Council, hukumar raya al'adu ta Birtaniya, ta gudanar a baya na matasa masu sana'ar fasaha ya kasu fanni-fanni, kamar wallafa littattafai, waƙa, fim da zanen tufafi, kuma babban abin da waɗanda aka zaɓa suka samu shi ne tafiya Birtaniya don ganawa da manyan masu harkar. Gasar Africa's Business Heroes, wadda gidauniyar Jack Ma ta fara a 2019, kuɗi take rabawa, inda mutum 10 na ƙarshe ke raba dala miliyan 1.5. Gasar Anzisha kuwa ta keɓe kanta ga 'yan shekara 15 zuwa 22. Wanda ke neman kujerar ganawa da masana'anta zai nuna abin da zai kai wa teburin da abin da zai ɗauko, wanda ke neman jari kuma zai nuna inda kowane kaso na kuɗin zai shiga. Idan ka ɗauko jawabin da ka yi a wata gasa ka maimaita shi a nan ba tare da gyara ba, alƙalai sukan gane tun a minti na farko. Idan an bayyana sunayen alƙalan, ka binciki aikin kowannensu, domin tsohon ma'aikacin banki da mai gidan nuna zane-zane ba abu ɗaya zai ɗauki hankalinsu ba, kuma da ɗan gari akan ci gari: ka nemi wanda ya taɓa kaiwa wannan mataki a shekarun baya ka tambaye shi abin da aka tambaye shi.

Wurin da ya fi cancantar ka daɗe a kansa shi ne lissafi, kuma nan ne mai fasaha ya fi jin ƙyuya. Akwai alƙaluma kaɗan da dole su zauna a bakinka ba tare da duba takarda ba: cinikin da ka yi a watanni 12 da suka wuce, abin da kake kashewa wajen samar da kaya ɗaya ko aiki ɗaya, abin da ke rage maka bayan an sayar, yawan masu sayen da suka dawo karo na biyu, da kuma adadin watannin da sana'ar za ta iya rayuwa da abin da ke hannu idan ba a ƙara sayar da komai ba. Ka bambance ciniki da riba, domin ɗan takarar da ya kira jimillar abin da ya shigo masa riba ya zubar da mutuncin sauran alƙalumansa gaba ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa da kuɗin aikin kai. A ɗauka cewa cikin kowace 100 da ta shigo maka, 45 na tafiya kan kayan aiki, 15 kan kai kaya da kason dillali, 10 kan haya da wuta da intanet. Za ka ce ribarka 30 ce. Amma idan kai ne ka zana, kai ka ɗinka, kai ka ɗauki hoto, kai ka amsa saƙonnin masu saye, kuma da za ka ɗauki wani ya yi waɗannan ayyuka sai ka biya shi 25, to ribar gaskiya 5 ce, sauran ladan guminka ne. Alƙalin da ya san kasuwanci zai yi wannan lissafi a zuciyarsa ko ka yi ko ba ka yi ba, don haka gara ya ji shi daga bakinka tare da shirin da kake da shi na faɗaɗa wannan 5 ɗin. A ganina ɗan takarar da ya ce ribarsa ƙanƙanuwa ce kuma ya san dalili ya fi wanda ya zo da hasashen ninka ciniki sau goma a shekara ba tare da ya nuna ta inda masu sayen za su fito ba.

Haka kuma, yawan mabiya a Instagram ko TikTok ba ciniki ba ne. Za ka iya ambaton su, amma ka biyo da adadin waɗanda suka fitar da kuɗi daga aljihunsu.

Bayan lissafi sai tsarin jawabi. Yawanci lokacin da ake bayarwa gajere ne, wani lokaci mintuna uku zuwa goma, sannan a buɗe fagen tambayoyi. Guy Kawasaki, wanda ya taɓa aiki da kamfanin Apple kafin ya koma harkar zuba jari, yana da shawarar da ta shahara: shafuka 10 a allon majigi, mintuna 20, da rubutu mai girman lamba 30 ko fiye. Ba lallai ne ka samu mintuna 20 ba, amma hikimar girman rubutun tana nan daram, domin idan rubutun ya yi girma ba za ka iya cusa dogon bayani a shafi ba, sai ka koma yin magana da mutane maimakon karanta musu allo. Ka fara da abin da kake sayarwa da wanda ke saye, cikin jimla ɗaya ko biyu da wanda bai san fanninka ba zai fahimta. Labarin yadda ka fara son zane tun kana yaro yana da daɗi, amma ka ajiye shi sai in an tambaya, ko ka ba shi daƙiƙa 20 kacal. Daga nan ka nuna shaidar cewa ana saye, ka faɗi alƙalumanka, ka gabatar da waɗanda kuke aiki tare da abin da kowa ya ƙware a kai, ka rufe da abin da za ka yi da kyautar dalla-dalla. Idan aikinka abu ne da ake taɓawa, ka kawo shi ka miƙa wa alƙalai su riƙe, domin gani ya kori ji. Idan fim ne ko waƙa ko manhaja, ka yanko ɗan gajeren sashe, ka sauke shi a kan na'urarka tun daga gida, kada ka dogara da intanet ɗin zauren taro.

Akwai batun da ya keɓanci masu fasaha wanda sauran 'yan kasuwa ba su cika fuskanta ba, wato haƙƙin mallaka, kuma yana da fuska biyu. Ta farko ita ce ko abin da kake nunawa naka ne gaba ɗaya. Idan wani ne ya ɗauki hotunan da ke shafukanka, ko ya haɗa kiɗan da ke ƙarƙashin fim ɗinka, ko ya zana tambarinka, ka tabbatar akwai rubutacciyar yarjejeniya da ta nuna wanda ya mallaki aikin, domin a dokokin ƙasashe da dama biyan mutum kuɗin aiki kaɗai ba ya mayar da haƙƙin mallaka hannunka. Haka tsakaninka da abokin da kuka fara sana'ar tare: ku rubuta kason kowa kafin ranar, ba bayan kuɗi sun shigo ba. Fuska ta biyu ita ce abin da za ka iya rasawa ta hanyar bayyana shi a bainar jama'a. A ƙarƙashin yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka sanya wa hannu, rubutu da waƙa da zane suna samun kariya da zarar an ƙirƙire su, ba sai an yi rajista ba. Sai dai kariyar tana kan aikin da aka fitar ne, ba kan dabarar da ke bayansa ba, don haka wani zai iya jin tsarin kasuwancinka ya je ya yi irinsa. Sabuwar ƙirƙira ta na'ura ko hanyar sarrafa wani abu kuma hukuncinta daban ne: a Turai, bayyana ta ga jama'a kafin shigar da takardar neman lasisin ƙirƙira, wato lasisin da ke hana wasu kwaikwayon ta, yakan hana samun lasisin, yayin da Amurka ke ba mai ƙirƙirar rangwamen shekara ɗaya bayan bayyanawar domin ya shigar da takardar. Zagayen ƙarshe sau da yawa a gaban jama'a ake yin sa, har a yaɗa shi kai tsaye, kuma alƙalai ba su cika sa hannu kan alkawarin riƙe sirri ba. Idan kana da irin wannan ƙirƙira, ka ga lauya tun da wuri, ko ka nuna abin da take yi ba tare da bayyana yadda take yin sa ba.

Lokacin tambayoyi ne ke raba 'yan takara, domin jawabi kowa ya haddace nasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, don haka ka zauna ka rubuta tambayoyin da ka fi tsoron a yi maka, ka shirya musu amsa ta gaskiya. Wasu kusan ba sa wuce kowa: wane ne kuma yake yin abin da kake yi, me zai hana babban kamfani kwaikwayonka, me zai faru idan buƙata ta ninka alhali hannunka biyu ne, kuma me za ka yi idan ba ka ci gasar ba. Kada ka ce ba ka da abokin hamayya, domin hakan na nuna ko ba ka bincika ba ko babu kasuwa. Tambayar hannu biyu ita ce ta fi wahalar da mai fasaha, saboda darajar aikinsa sau da yawa tana cikin cewa shi ya yi da kansa. Amsa mai kyau takan nuna sassan aikin da dole su bi ta hannunka, da waɗanda za a iya koya wa wasu, da hanyoyin samun kuɗi da ba sa cin lokacinka, kamar ba da izinin amfani da zanenka ko waƙarka ga wasu kamfanoni. Ka saurari tambaya har ta ƙare, ka amsa abin da aka tambaya, ka yi shiru. Idan ba ka san amsa ba, ka faɗi haka tare da yadda za ka gano, domin alƙalin da ya kama ka da ƙirƙirar adadi ɗaya zai daina yarda da sauran.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gwada jawabin da babbar murya kana duba agogo, ka naɗi kanka a waya ka kalla ko da ba ka so, sannan ka yi shi a gaban mutumin da ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya kuma bai san fanninka ba. Bayan ka gama ka tambaye shi abin da kake sayarwa da wanda ke saye. Idan ya kasa faɗa, gyara yana farkon jawabin. Ka tsara ka gama da rarar daƙiƙa 30, domin a gaban jama'a lokaci ya fi gudu, kuma a wasu gasanni ana katse mutum da zarar agogo ya cika. Idan za a yi gasar da harshen da ba shi ka fi sakewa da shi ba, ka gajarta jimlolinka, ka tambayi masu shiryawa ko an yarda da tafinta.

Abu na ƙarshe da ake yawan tsallakewa shi ne sharuɗɗan kyautar kanta. Kuɗin da aka sanar zai iya zama tallafi wanda ba a mayarwa, ko rance, ko jari da za a karɓi kaso na kamfaninka a madadinsa, kuma wani lokaci ana biyan sa kashi-kashi bayan an cika wasu sharuɗɗa, ko a ba da wani ɓangare a matsayin horo da hidima maimakon tsabar kuɗi. Ka duba ko dole sai kamfani mai rajista da asusun banki na kamfani, ko akwai haraji a kai, da kuma irin izinin da ka ba masu shiryawa na amfani da hotonka da aikinka wajen tallarsu, da tsawon lokacin da izinin zai ɗauka. Waɗannan tambayoyi ka aika su a rubuce kafin ranar, ka ajiye amsar.

A ranar kuma ka isa da wuri ka gwada makirufo da majigi, ka riƙe kwafin shafukanka a wuri biyu. Ka saurari sauran 'yan takara da kyau ka karɓi lambobinsu, domin su ne mutanen da ke fama da irin matsalolinka, kuma mai fim da ya zo na huɗu zai iya buƙatar mai zanen tufafin da ya zo na bakwai. Ko ka ci ko ba ka ci ba, cikin kwana biyu ko uku ka rubuta wa masu shiryawa ka nemi makinka da sharhin alƙalai idan suna bayarwa, ka kuma aika wa duk alƙalin da ya nuna sha'awa gajeren saƙo mai ɗauke da amsar tambayar da ka kasa amsawa a zauren.